Awon furotin a cikin ɗan abu kaɗan: daga ɗigon jini zuwa ƙwayoyin tushe na ɓargo

Duk uwar da ta taɓa kai yaro mai zazzaɓi gidan likita a Cadawa, ko Agye, ko Gazawa, ko Gidan Rumji, ta san wannan aiki. Ma'aikacin lafiya yana soka yatsan yaron, ya ɗauki jini ɗan mitsitsi, ya ɗiga a kan wata ƴar farar roba. Bayan minti 15 zuwa 20 sai layi ya fito. Layi ɗaya yana nufin ba a ga zazzaɓin cizon sauro ba. Layi biyu yana nufin akwai shi.

Ƴar robar nan ba ta ganin ƙwayar cutar da kanta. Abin da take kamawa wani sinadari ne da ƙwayar cutar take zubarwa a cikin jini. Irin wannan sinadari shi ake kira furotin. Wannan darasi zai yi bayanin yadda masana suke auna furotin idan abin da ke hannunsu kaɗan ne ƙwarai, da dalilin da ya sa aikin ya shafi gidajenmu, musamman gidan da ke da mai ciwon amosanin jini.

Mene ne furotin?

Mun saba jin kalmar furotin wajen maganar abinci. Ana ce mana wake da gyaɗa da nono da ƙwai da nama suna gina jiki. Gaskiya ne. Amma furotin ya wuce abinci. Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi masu rai waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin kowace ƙwayar jiki akwai furotin iri-iri, dubbai, kuma su ne ma'aikatanta. Wani yana narkar da abinci. Wani yana ɗaukar iska. Wani yana yaƙi da cuta. Wani kuma aikinsa kawai ya ba sauran umurni su fara aiki ko su tsaya.

Kowane furotin kamar carbi yake. An jera shi da ƙananan duwatsu da ake kira amino asid, waɗanda iri 20 ne. Yadda aka jera duwatsun shi ne ke bambanta wannan furotin da wancan. Tsarin jerin kuwa a rubuce yake cikin kundin gado da mutum yake karɓa daga uwa da uba, wato DNA, wanda takardun faransanci suke rubutawa ADN. Kundin yana faɗin abin da ƙwaya za ta iya ƙerawa. Furotin shi ne abin da ta ƙera da gaske. Manomi ya san bambancin irin da ke cikin rumbu da amfanin da ya fito a gona.

Dutse ɗaya a cikin carbi

Furotin da ya ba jini launin ja sunansa himogulobin. Shi ne yake ɗaukar iskar da muke shaƙa daga huhu ya kai ta ko'ina a jiki. Jar ƙwayar jini guda ɗaya tana ɗauke da himogulobin kimanin miliyan 270.

A shekarar 1949 wani masani ɗan Amurka mai suna Linus Pauling da abokan aikinsa suka saka himogulobin a cikin ruwa, suka ratsa shi da wutar lantarki. Suka ga na mai amosanin jini ba ya tafiya daidai da na mai lafiya. Bayan ƴan shekaru, a 1956 da 1957, Vernon Ingram a birnin Kambirij na Ingila ya gano inda bambancin yake. A cikin wani carbi na himogulobin mai duwatsu 146, dutse na shida ne kaɗai ya sauya. Wannan sauyi ɗaya tak shi ke sa jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, ta jawo ciwon ƙashi da iyaye suka sani a lokacin sanyin hunturu. Jar ƙwayar jini ta mai lafiya tana rayuwa kimanin kwana 120. Mai siffar lauje ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Shi ya sa jinin yaron yake yawan raguwa.

Wannan ciwo shi ne ake kira amosanin jini, ko sikila, ko emasi. Hanyar da Pauling ya bi har yau ana amfani da ita a asibiti. Ita ce likita yake rubutawa elektoroforez a takardar awo. Amsarta tana zuwa da haruffa: AA, AS, SS, wani lokaci AC ko SC.

Awon himogulobin yana da sauƙi saboda dalili ɗaya: abin yana da yawa. Ɗigon jini ɗaya yana ɗauke da jajayen ƙwayoyi miliyoyi masu yawa, kowace cike da furotin iri guda. Wahalar tana farawa ne idan aka koma wurin da ake ƙera jinin.

Inda jini yake fitowa

Jini ba ya dawwama. A kowace daƙiƙa jikin babban mutum yana ƙera sababbin jajayen ƙwayoyi kimanin miliyan 2 don maye gurbin waɗanda suka mutu. Ana wannan aiki a cikin ɓargon ƙashi, musamman ƙashin ƙugu da na ƙirji da na baya.

A cikin ɓargon akwai wasu ƙwayoyi na musamman da za mu kira ƙwayoyin tushe. Turawan Ingila suna ce musu sitem sel. Ƙwayar tushe tana da baiwa biyu. Tana iya haifar irinta, don kada zuriyarta ta ƙare. Tana kuma iya haifar ƴaƴa waɗanda za su zama jar ƙwayar jini, ko farar ƙwaya mai yaƙi da cuta, ko ƙwayar da ke tsayar da zubar jini. Kamar irin shuka take: daga gare ta ake samun abinci, daga gare ta kuma ake samun irin baɗi. Masana biyu a birnin Toronto na Kanada, James Till da Ernest McCulloch, su ne suka nuna alamar samuwarta a 1961, ta hanyar gwaji a kan ɓeraye.

Ƙwayoyin tushe ba su da yawa. A cikin ƙwayoyin ɓargo dubu goma, da ƙyar a sami ɗaya. Wani bincike da aka yi a Ingila a 2018 ya ƙiyasta cewa waɗanda suke aikin ƙera jinin babban mutum suna tsakanin 50,000 da 200,000 ne kawai. Jinin mutum gaba ɗaya, tun daga haihuwa har tsufa, a kan wannan ƴar ƙaramar runduna ya dogara.

Ga mai amosanin jini, dutsen nan da ya sauya yana rubuce a cikin ƙwayoyin tushensa. Duk jinin da suka ƙera da lahanin zai fito. Ƙarin jini yana taimakawa na ɗan lokaci, domin jinin da aka ƙara shi ma zai tsufa ya mutu. Warkewa ta dindindin sai an taɓa tushen.

Me ya sa awon yake da wuya?

Masani yana son ya san furotin da ke cikin ƙwayar tushe. Yana son ya gane wanne ne yake sa ta barci, wanne yake tayar da ita, wanne kuma ya lalace idan ta rikiɗe ta zama sankarar jini. Amma abubuwa sun tsaya masa a gaba.

Na farko ƙanƙanta. A ɗauki ƙwayar gero guda ɗaya a raba ta gida miliyan 50. Kashi ɗaya daga ciki, kusan shi ne nauyin dukkan furotin da ke cikin ƙwayar jiki ɗaya. Ƙwayar tushe ta jini ma ba ta kai haka ba, domin ƙarama ce. Kuma wannan ɗan nauyi a rabe yake tsakanin furotin iri dubbai.

Na biyu ya fi tsanani. DNA ana iya kwafarsa. Idan aka sami ɗan kaɗan, akwai hanyar da ake ninka shi sau miliyoyi cikin ƴan awoyi, har ya isa awo. Furotin ba ya kwafuwa haka. Abin da aka samu shi ke nan. In ya zube, ya tafi.

Kuma yana zubewa. Matan da suke matsar man gyaɗa sun san wannan fiye da kowa. Idan mai ya cika jarka, ba a damuwa da ɗan abin da ya maƙale a jikin kwano ko mazurari. Amma idan ɗigo ɗaya ne kawai aka juye daga cokali zuwa kwano, daga kwano zuwa kwalba, babu abin da zai isa kwalbar. Furotin yana manne wa jikin kwalba da bututu kamar yadda mai yake yi. A tsohuwar hanyar awo ana juye samfur sau da yawa, ana wanke shi, ana tace shi. Wannan ba matsala ba ce ga mai ƙwayoyi miliyan ɗaya ko fiye. Ga mai ƙwayoyin tushe ƴan dubbai, asara ce gaba ɗaya.

Akwai wanda zai ce: to a tara ɓargo da yawa a niƙa tare mana. An yi hakan shekaru da dama. Amsar da take fitowa ta taron jama'a ce. Idan aka niƙa aya ɗaya cikin tiya goma na gero, ba wanda zai ji ɗanɗanon ayar a tuwo.

Yadda ake yi yanzu

Mataki na farko shi ne tsincewa. A fatar ƙwayoyin tushe na jini akwai wani furotin da ake kira CD34, wanda Curt Civin ya bayyana a Amurka a 1984. Masana suna amfani da wani furotin mai kamu, irin wanda jiki yake ƙerawa don cafke cuta. An horar da shi ya kama CD34 kaɗai, an kuma shafa masa launi mai haske. Sai a tura ƙwayoyin su bi ta wani siririn bututu ɗaya bayan ɗaya, haske yana duba su. Mai launi a ware ta gefe, marar launi ta wuce. Kamar tsince tsakuwa daga wake ne, sai dai na'urar tana tsince dubbai a daƙiƙa guda. CD34 shi kaɗai bai isa ya nuna ainihin ƙwayar tushe ba, domin ƴaƴanta na kusa ma suna da shi. Don haka ake haɗa alamu da yawa.

A nan ya kamata mai karatu ya lura: furotin mai kamu shi ne kuma yake kwance a kan ƴar robar awon zazzaɓi. Shi ne yake cafke furotin ɗin ƙwayar cutar, wanda ake kira HRP2, har layi ya fito. Dabarar ɗaya ce a Cadawa da a manyan ɗakunan bincike.

Mataki na biyu shi ne fasa ƙwayoyin da yanka carbin furotin gunduwa-gunduwa. Sabuwar dabara a nan ita ce kada a juye. Ana yin komai a wuri ɗaya, cikin ruwa ɗan kaɗan. A 2018 masu bincike a wani ɗakin gwaji na gwamnatin Amurka, ƙarƙashin Ryan Kelly, sun ƙera gilashi mai ƙananan ramuka, kowane rami yana ɗaukar ruwan da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ɗigo ba. Da ruwa ya ragu, bangon da furotin zai manne wa ya ragu. Da haka suka gane furotin ɗaruruwa har zuwa dubbai daga ƙwayoyi 10 zuwa 140 kawai.

Mataki na uku shi ne awon nauyi. Akwai wata babbar na'ura da za mu kira sikelin furotin. Tana fesa gunduwoyin su zama kamar hazo, ta ɗora musu cajin lantarki, ta cilla su cikin wani bututu da aka zuƙe wa iska. Aikinta ya yi kama da shiƙa. Idan mace ta ɗaga ƙwarya ta zubo hatsi a iska, ƙaiƙayi yana tafiya nesa, tsaba tana faɗowa kusa. Nauyi ne ya raba su. Haka na'urar take raba gunduwoyin furotin, ta rubuta nauyin kowace. Daga nan kwamfuta take kwatanta nauyin da kundin furotin ɗin ɗan Adam, ta faɗi sunan kowane da yawansa. John Fenn na Amurka da Koichi Tanaka na Japan sun sami kyautar Nobel a 2002 saboda hanyoyin tayar da furotin cikin irin wannan na'ura ba tare da ya ƙone ba.

A 2019 masana a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan, cikinsu har da Ruedi Aebersold, sun haɗa waɗannan matakai a kan ƙwayoyin tushe na jinin mutum. Daga ƙwayoyi 25,000 sun auna furotin fiye da iri 5,000. Sun kuma ga cewa abin da saƙon kundin gado yake nunawa ba kullum yake daidai da furotin da ke cikin ƙwayar ba. Ke nan karanta kundin bai wadatar ba, sai an duba ma'aikatan da kansu. A Boston kuma, Nikolai Slavov da ɗalibansa sun wallafa a 2018 hanyar awon ƙwaya ɗaya tak. A 2021 masana a Danmak sun yi amfani da irin wannan hanya a kan ƙwayoyin sankarar jini, suna auna furotin kimanin 1,000 a kowace ƙwaya.

Waɗannan na'urori suna da tsada ƙwarai, suna bukatar wuta marar yankewa da ɗaki mai sanyi marar ƙura. Kayan bincike ne. Ba a kai mara lafiya gare su don neman magani.

Ina amfaninsa ga mai amosanin jini?

Jariri a cikin mahaifa yana da nasa himogulobin daban, wanda ake kira F. Wannan ba ya lanƙwasa ƙwayar jini. Shi ya sa jaririn da ya gaji SS yake zama lafiya a watannin farko, sai wajen wata shida ciwon ya fara nuna kansa, sau da yawa da kumburin hannu da ƙafa. A 2008 masana a Boston suka nuna cewa wani furotin mai suna BCL11A, a cikin ƙwayoyin da ke ƙera jini, shi ne yake rufe ƙofar himogulobin F bayan haihuwa. Daga wannan sani aka ƙirƙiro magani mai suna Casgevy. Ana ɗebo ƙwayoyin tushe na mara lafiyan, a gyara su ta yadda ƙofar za ta sake buɗewa, a mayar masa. Ingila ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka a Disamba 2023. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2, wato fiye da miliyar ɗaya na sefa. Babu amfanin ɓoye wa kowa: wannan ba maganin talaka ba ne a yau.

Tsohuwar hanyar ita ce dashen ɓargo daga ɗan'uwa ko ƴar'uwa da jininsu ya dace. An fara ba da labarin warkewar amosanin jini ta wannan hanya a 1984 a Amurka. A Najeriya an yi na farko a asibitin koyarwa na jami'ar Benin a 2011, kuma asibitin koyarwa na jami'ar Legas ya fara nasa a 2024. Kafin dashe, likitoci suna ƙirga ƙwayoyi masu CD34 a cikin abin da aka ɗebo. Ana neman aƙalla miliyan 2 ga kowane kilo na nauyin mara lafiya. Yaro mai kilo 30 yana bukatar miliyan 60 ko fiye. Dashe yana da haɗari, yana iya jawo mutuwa, kuma ba kowa ke samun ɗan'uwan da ya dace ba.

Akwai magani na sha mai suna haidiroksiyuriya wanda shi ma yake ƙara himogulobin F. An gwada shi a kan yara a asibitocin Kano don kare su daga shanyewar ɓarin jiki, an ga amfaninsa. Likita ne yake rubuta shi, kuma sai ana awon jini a kai a kai.

A yi hattara da masu talla

Sunan sitem sel ya shiga kasuwa. Akwai masu yawo da gari a ƙananan fakiti, ko a wayar salula, suna cewa a zuba a ƙarƙashin harshe, zai warkar da sikila da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa. Wanda ya fahimci bayanin da ya gabata zai gane matsalar da kansa. Ƙwayar tushe abu ce mai rai. Ba ta rayuwa a cikin busasshen gari. Abin da ke cikin fakitin galibi daga tsiro yake, tsiro kuwa ba ya ƙera jinin mutum. Ko da furotin ne na gaske, ciki zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da wake. Iyali da yawa suna sayar da akuya ko buhun aya don wannan gari, kuɗin da zai isa awo da magani na watanni.

Awon da yake kusa da mu

A ƙasashen Hausa kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar yana ɗauke da AS. Mai AS lafiyarsa ƙalau, ba zai san yana da shi ba sai da awo. Idan miji AS ne, mata ma AS, to kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Wannan ba ya nufin ɗa na huɗu ne zai kamu. Ana iya samun biyu a jere, ana iya rasa ko ɗaya. Ba laifin uwa ba ne ita kaɗai, domin gadon daga ɓangare biyu yake zuwa. Jihar Kano ta kafa doka a 2024 da ta wajabta awon lafiya kafin aure, har da na rukunin himogulobin.

Idan za ku yi awo, ku tambayi wane iri ne. Awon Emmel, wanda ake duba jini a madubin likita, yana nuna akwai S, amma ba ya bambanta AS da SS, kuma ba a dogara da shi ga jariri. Elektoroforez yana bambantawa. Yanzu akwai kuma ƴan robobi da ƴan takardu na gaggawa, irin su HemoTypeSC da Sickle SCAN, masu aiki da furotin mai kamu kamar na zazzaɓi. Suna gane A da S da C daga ɗan jinin yatsa ko na diddigen jariri cikin ƴan mintoci, ba tare da wutar lantarki ba. Ku tambayi ma'aikacin gidan likitanku ko akwai su, ko kuma ya tura ku asibitin gunduma ko babban asibitin Maradi. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta kula da masu amosanin jini. Ranar 19 ga Yuni ta kowace shekara ita ce ranar wannan ciwo ta duniya, kuma a lokacin ne ake yawan faɗakarwa a rediyo.

Abu biyu suna iya ɓata amsar awo. Wanda aka yi wa ƙarin jini a cikin wata uku da suka wuce, jininsa a gauraye yake da na wani, don haka ya faɗa wa likita kafin a ɗiba. Haka kuma a awon zazzaɓi, furotin HRP2 yana iya zama a cikin jini makonni bayan an warke. Idan yaro ya gama shan magani kwanan nan kuma jikinsa ya sake zafi, a gaya wa ma'aikacin lafiya ranar da ya gama, domin layi biyu a wannan lokaci ba lallai ne ya zama sabon zazzaɓin sauro ba, kuma akwai bukatar a nemi wani dalilin zafin.

Takardar amsar elektoroforez a adana ta tare da katin rigakafi. Rukunin himogulobin ba ya sauyawa da shekaru, sai ga wanda aka yi wa dashen ɓargo. Awon jariri ne kaɗai ake so a maimaita bayan ya wuce wata shida, lokacin da himogulobin F ya ragu.